Ladanin da Ya Kasa Amsa Gaisuwa

Abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarun farko na mulkin kai, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Mai yiwuwa na haɗe wasu makonni wuri ɗaya, ko na sa wa wani maganar da wani ne ya faɗe ta. Inda na tabbata zan nuna, inda nake shakka ma zan faɗa. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi don gudun ɓata wa jikokin waɗansu rai. Amma kwanan baya na gamu da wata mata a tashar Ikara tana ƙoƙarin tambayar mota, muryarta na tsinkewa irin yadda ta mahaifina ta yi, masu lodi suna kwaikwayonta suna dariya. A ranar na yanke shawara.

Mahaifina, Malam Ilu, shi ne ladanin garinmu, wani ƙauye tsakanin Gubuci da Gazara wanda ba zan faɗi sunansa ba. Babu lasifika a wancan zamani. Wata matakalar ƙasa ce a jikin masallaci, ita yake hawa ya yi kira, masu saran rake a can ƙarshen fadama su ajiye adda. Ba a biyan ladan komai, rakensa yake nomawa ya ci. Amma idan aka tambayi Baba shi wane ne, ba zai ce manomi ba. Ni kuma ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a wata makaranta a Zariya, ina zuwa gida ƙarshen wata.

A iya tunawata, abin ya fara ne bayan wata mura da ya yi lokacin saran rake. Mura ta tafi, murya ba ta koma daidai ba. Yana cikin magana sai kalma ta yanke a tsakiya, kamar an shaƙe shi da hannu sannan an saki. Zai ce "lafiya" sai "la" ta fito, sauran ta maƙale, jijiyoyin wuyansa su tashi, ya yi ta turawa har ta fito a matse kamar rake a bakin inji. Ba ya jin zafi. Yana haɗiye tuwo lafiya, yana numfashi lafiya. Idan ya yi dariya, dariyarsa ce ta da. Idan ya yi raɗa, magana na fita sumul. Kiran salla kuwa ko ɗigo bai ragu ba.

Wannan na ƙarshe shi ne ya jawo mana masifa. Da kiran ma ya lalace, da kowa ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Al'adar garinmu ita ce, bayan sallar asuba dattawa su wuce zauren Mai gari su yi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba gaisuwar wucewa ba ce. Za ka durƙusa ka tambayi kwana, gajiya, iyali, sanyi, aiki, shi ma ya juyo ya tambaye ka naka, ka amsa kowanne. A nan ne muryar Baba ta fi kamewa, domin ciwon yana ƙaruwa idan idanu na kansa. Mai gari zai ce, "Malam Ilu, ina gajiya?" sai Baba ya buɗe baki, wuya ya ɗaure, zaure ya yi tsit. Don kunya sai ya fara gajarta abin: ya durƙusa, ya motsa leɓe, ya tashi.

Wanda bai ga wancan lokacin ba sai na yi masa bayani. Siyasa ta yi zafi, kuma hanyar da 'yan hamayya ke nuna kansu ita ce ƙin cika gaisuwa ga mai sarauta. Ga mutum yana kira har fadama ta ji, amma wai ba zai iya cewa "lafiya lau" a gaban Mai gari ba. Ga kuma ɗansa ya dawo daga jami'a da wando da takalmi sau-ciki. Ba a daɗe ba magana ta zagaya gari cewa ni na zuga shi. Ni da ko taron siyasa ban taɓa tsayawa kallo ba, don tsoron kada a ce an gan ni.

Makonnin farko a hannun Inna, mahaifiyata, suka wuce. Zuma da citta, kanumfari a ruwan zafi, man shanu a kunu, rubutu daga wurin Liman. Muka je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da mu, disfensa ya leƙa bakin, ya shafa masa wani shuɗin magani, ya ba mu maganin tari a kwalba. Ba laifinsa ba ne, abin da ke cikin kabad ɗinsa ke nan. Babu abin da ya canja sai launin harshen Baba.

Sai Gwaggo Hansai, yayar Baba, ta iso daga Kudan. Ko mayafi ba ta cire ba ta sa shi ya buɗe baki a tsakar gida.

"Beli ne," in ji ta. "Ga shi nan ya yi tsawo yana taɓa masa maƙogwaro. A kira wanzami."

Ina gida a ranar. Na ce, "Gwaggo, wataƙila da an ɗan dakata, mu ji ta bakin likita tukuna. Ban ce ba beli ba ne, amma kamar dai..."

"Yusha'u, shekarun da ka yi a makaranta 'wataƙila' kaɗai suka koya maka? Ni na goyi ubanka. Da kai da shi duk an cire muku abubuwa da aska kun tashi lafiya."

Baba ya yarda, kuma ban ga laifinsa ba, don mutumin da ake zargi da raina sarauta zai yarda da kowace aska. Wanzami ya zo da ƙugiyarsa ya yanke. Jini ya ƙi tsayawa da wuri. Kashegari zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya kumbura, ko koko ba ya wucewa sai da hawaye. Inna ce ta yi ta ɗura masa ruwan zuma da ludayi kaɗan-kaɗan, tana gasa masa wuya da tsumma. Ya yi mako guda da 'yan kwanaki bai hau matakala ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na yi wayo. Wanda ya riƙe kiran shi ne Ɗanjuma, ɗan ƙanwar Mai gari, mutum mai murya ba laifi, wanda kowa ya san ya daɗe yana kallon matakalar nan.

Baba bai jira ya warke ba. Wata azahar ya ji Ɗanjuma ya fara gyaran murya, sai ya tashi daga tabarma yana dafa bango. Inna ta tare ƙofa.

"Malam, ko tuwo ba ka fara ci ba."

Ya matso kunnenta ya yi raɗa, ni ma na ji: "Ba da tuwo ake kira ba. Matsa."

Ya yi kiran, ya sauko yana tofar da yawu mai ja. Maganarsa kuwa tana nan yadda take kafin aska. Ina roƙon duk mai karanta wannan: idan muryar mutum na tsinkewa amma yana haɗiya lafiya, kada a kai shi ga aska. Gwaggo ta yi ne don ƙauna, kuma ta yi kuka da ta ga jinin, amma ƙaunarta ta kusa raba mu da shi.

Bayan ya ɗan yi ƙarfi na ɗauki izini a makaranta, muka sayar da rake tun yana tsaye a gona, muka hau lori ranar kasuwar Maƙarfi, a kan buhunan mazarƙwaila, zuwa babban asibiti a birni. Mun yanki kati da hantsi muka zauna a benci. Na ɗan fita neman ruwa, kafin in dawo ashe an kira sunansa. Ya yi ta ƙoƙarin cewa "na'am", ba ta fito ba, mai kiran ya wuce zuwa na gaba. Da na je yi masa bayani sai ya ce, "Wanda bai amsa ba bai zo ba." Muka koma ƙarshen layi. Baba ya jawo ni ya raɗa mini, "Da ya ce in yi kiran salla, da duk asibitin nan sun san na zo."

Likitan da muka gani da yamma ya gaji, ya ga mutane da yawa. Ya saurari Baba kaɗan, ya tambaye ni ko akwai rigima a gida, ko bashi, ko rasuwa. Na ce akwai 'yar matsala da Mai gari. Ya ce to shi ke nan, damuwa ce ta kama masa murya, ya rubuta wasu ƙananan ƙwayoyi na kwantar da hankali. Na yi ƙoƙarin nuna masa cewa muryar ce ta kawo matsalar, ba matsalar ce ta kawo muryar ba, amma na faɗe shi a hankali ƙwarai, kuma an riga an shigo da na bayanmu.

Ƙwayoyin sun sa Baba ya zama kamar wanda aka jiƙa. Yana zaune yana gyangyaɗi, magana kuma ba ta sake ba. A cikin makon ne ya makara. Gari ya waye, mutane suka taru a masallaci ba su ji kira ba, Ɗanjuma ya hau ya yi. Inna ta ce ta girgiza shi har ta tsorata ko ya mutu. Da ya farka ya ga haske a tsakar gida, ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ranar da na zo ya damƙa mini sauran ƙwayoyin a hannu.

"Ciwo bai hana ni kira ba," ya raɗa, "magani ya hana ni. Mayar musu da kayansu."

Wani abokin aikina ne ya gaya mini akwai likitan maƙogwaro da ke zuwa asibitin lokaci-lokaci. Muka sayar da rago, muka sake hawa lori, wannan karon ban motsa daga benci ba. Dattijo ne, ba ɗan ƙasar nan ba, yana jin Hausa kaɗan. Ya kama harshen Baba da ƙyalle, ya ɗumama wani ɗan madubi mai dogon mariƙi a kan fitila, ya zura shi can ciki yana haskawa. Ya ce Baba ya yi magana, ya yi raɗa, ya yi tari, ya yi dariya. Da na ce ladan ne, sai ya ajiye madubin ya ce a yi masa kira kaɗan. Baba ya yi kabbarar farko, nas ta leƙo daga ɗakin gaba.

Likitan ya ga inda aka yanke beli, ya girgiza kai. Sannan ya faɗi sunan ciwon da Turanci, spasmodic dysphonia, kuma sunan bai taɓa fita daga kaina ba. Zan maimaita bayaninsa yadda na fahimta, idan na kauce masana su gyara. Ya ce a cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tsokoki biyu masu haɗuwa da rabuwa kamar leɓe, su ke ba da murya. Na Baba lafiyarsu lau, babu ƙari, babu gyambo. Abin da ke faruwa shi ne, idan zai yi magana sai su matse fiye da kima, ba da son ransa ba. Ya ce likitoci da yawa suna ɗora abin a kan damuwa, amma shi bai gamsu ba. A ganinsa daga ƙwaƙwalwa ne, daga wani sashe can ciki da ke daidaita motsin jiki, wanda ke aika wa tsoka umarnin yaushe za ta kama, yaushe za ta saki. Umarnin ne ke zuwa da ƙarfi ba a kan lokaci ba. Ya kawo misalin akawun da hannunsa ke ƙagewa da zarar ya riƙe alƙalami, amma ya ci abinci da hannun nan lafiya. Magana ta yau da kullum da hanyarta, rerawa da dariya da kira kuma kamar ta wata hanya suke bi, shi ya sa suka tsira. Damuwa tana ƙara shi, amma ba ita ta haife shi ba.

Na tambaye shi, "Hankalinsa fa?"

Ya ce, "Babu abin da ya taɓa hankalinsa. Kada ka bari kowa ya ce maka haka."

Baba ya ja rigata ya ba ni tambayoyinsa. Zai kashe shi? A'a. Akwai magani? Likitan ya ce babu wanda ya sani, kuma ba zai ba mu ƙwaya don kawai mu fita da wani abu a hannu ba. Zai kai ga kiran salla? Ya ce ba zai yi alkawari ba, amma yawanci yakan tsaya inda ya tsaya. Ya koya masa dabaru: kada ya tura kalma da ƙarfi idan ta maƙale, ya fara sakin numfashi a hankali sannan ya ɗora magana a kai, ya gajarta jimla, ya ɗan ɗaga murya sama, idan ta ƙi kuma ya ja maganar kamar mai rera karatu. Ina yi wa mutumin nan addu'a har yau. Bai warkar da Baba ba, amma shi ne na farko da ya gaskata shi.

A gida dabarun numfashin sun taimaka kaɗan, musamman idan daga shi sai Inna. Rerawar ce ta yi aiki sosai. Zai zauna a tsakar gida ya ja murya, "A ba ni ruwaaa," Inna ta fito da moɗa tana dariya har tana zubarwa.

"Malam, da ka san haka za ka riƙa roƙona da waƙa, ai da tun ina amarya ka fara."

Amma ya hana a faɗa a waje. A wurinmu, namiji babba mai rera magana a gaban jama'a maroƙi ne, Baba kuwa ɗan gidan malamai ne. Ya ce gara a ce ya yi shiru da a ce ya koma roƙo.

Ba a jima ba, ina gida hutun makaranta, Mai gari ya aiko a zo. Zaure ya cika: Liman, dattawa, Ɗanjuma a gefe yana kallon ƙasa. Baba ya ce in zauna kusa da shi in zama bakinsa. Mai gari, wanda a gaskiya ba mugun mutum ba ne, sai dai shi ma ana matsa masa daga sama a kan 'yan hamayya, ya jero laifuka: ƙin gaisuwa, kwanakin da bai yi kira ba, da makarar asuba.

Baba ya raɗa mini, "Ka ce ban raina shi ba, ciwo ne. Kuma ba zan sauka ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba yana cewa shi dai a nasa ganin babu raini, kuma idan da hali, mai yiwuwa a ɗan ƙara masa lokaci, ko Allah zai sa..."

Na ji yatsun Baba sun nutse a cinyata.

Liman ya ce, "Malam Yusha'u, mun ji an ce likita ya ambaci ƙwaƙwalwa. Ka san sharaɗi ne ladan ya kasance mai cikakken hankali. Me aka ce?"

"Allah gafarta Malam, hankalinsa lafiya lau, wannan likita ya tabbatar. Sashen motsi ne. Ko da yake su kansu likitocin ba su gama haɗuwa a kan magana ɗaya ba, amma dai mafi rinjaye, ko in ce a ganin wanda muka gani..."

Mai gari ya ɗaga hannu. "To, kai ma da ka yi karatun ba ka sani ba. Ni abin da na sani shi ne, bakin da ya iya kira ya iya gaisuwa. Malam Ilu, gobe bayan asuba ka gaishe ni cikakkiyar gaisuwa irin ta kowa, jama'a su ji da kunnensu. Idan ka yi, matakala taka ce. Idan ka kasa, ko ka ƙi, Ɗanjuma ya hau."

A hanyar gida na yi ta ba Baba shawara: mu roƙi Liman ya sa baki, mu nemi a yarda da raɗa, ko ya haƙura na ɗan lokaci har ƙura ta lafa. Bai ko dube ni ba. Da muka shiga gida Inna ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya raɗa mata, "Gaisuwa yake so. Zai samu."

Da asuba ya yi kiransa, aka yi salla, dattawa suka nufi zaure, ni ma ina biye. Baba bai shiga ba. Akwai wani kututturen ɗorawa a dandali, daura da ƙofar zauren, da ɗan nisa. Shi ya hau. Daga baya ya ce mini bai hau matakalar masallaci ba ne domin ita ta kira ce kaɗai. Ya cire takalmi, ya gyara tsayuwa, ya fuskanci zaure, ya saki muryar da yake kira da ita:

"Ranka ya daɗe, Mai gariii! Ina kwanaaa!"

Kaji suka watse. Mata suka leƙo ta kan danga. Baba ya tsaya yana jiran amsa.

A nan ne kowa ya gane abin da ya yi. Gaisuwa dole a amsa ta. Idan Mai gari ya yi shiru, shi ne ya ƙi amsa gaisuwa a gaban gari duka. Idan kuma zai amsa yadda mai gaisuwar zai ji, sai ya ɗaga murya, mai sarauta kuwa ba ya ihu. Ina ganinsa ta ƙofa, ya motsa baki ya ce "lafiya" can ƙasa-ƙasa.

Baba ya kara hannu a kunne. "Ban ji baaa, ranka ya daɗeee!"

Wani daga fadama, har yau ban san ko wane ne ba, ya ƙwala, "Lafiya lau, Malam!" Dandali ya ɓarke da dariya, har wasu dattawa a cikin zaure suna toshe baki da hannun riga. Mai gari ya tura wani bafadensa bakin ƙofa ya riƙa amsawa a madadinsa. Baba bai rage komai ba. Ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, yaya aiki, yaya jama'a, yaya ƙafar da ke ciwo, yaya doki. Kowace sai ya ja ta har ƙarshe, ya jira amsa. Ko sau ɗaya muryar ba ta tsinke ba. Da ya gama ya sauko ya sa takalminsa. Da muka isa gida bai karya ba, ya shiga ɗaki ya rufe. Ya san ya tsira da matakalarsa, ya kuma san daga ranar za a ce masa maroƙi.

Kashegari ya sake. Jibi ma haka. Mutanen ƙauyukan kusa suka fara sammako wai sun zo sallar asuba. Mai gari ya daina fitowa zaure da wuri, Baba kuwa ya riƙa jira a kan kututture har ya fito. Ban tuna kwana nawa aka yi ba, amma bai kai mako biyu ba Liman ya yi sallama a gidanmu da hantsi.

"Malam Ilu, Mai gari ya ce gaisuwa ta isa. Ya ce daga yau ka durƙusa ka yi jinjina kawai, ya yafe maka ta baki. Ladanci kuma naka ne, babu mai taɓa shi."

Baba ya jawo ni. Wannan karon na faɗa yadda ya faɗa, ban ƙara ko harafi ba: "Allah gafarta Malam, ya ce ya gode. Ya ce amma gobe zai yi ta ƙarshe, domin bai tambayi lafiyar surukan Mai gari ba tukuna."

Liman ya yi dariya har da tari. Baba kuma ya yi ta gobe ɗin.

Ya riƙe matakalar nan har gwiwoyinsa suka kasa hawa, shi da kansa ya miƙa wa Ɗanjuma. Ciwon bai taɓa barinsa ba, amma bai shafi kiran ba. Wata rana magana ta yi sauƙi, wata rana ko sunan Inna ba ya fita. Akwai waɗanda suka riƙa ce masa maroƙi a bayan ido har ya rasu, wasu 'yan'uwanmu malamai suka daina gayyatarsa zaman karatu, kuma na san abin ya ci masa rai ko da bai taɓa faɗa ba. Ban yafe wannan da sauƙi ba, ba zan ɓoye ba. Mai gari kuwa, don a yi masa adalci, ya riƙa aiko da zuma duk shekara, kuma yana sahun gaba ranar jana'iza.

Shekaru da yawa bayan rasuwar Baba na ji an samo wata allura da ake yi a cikin tsokar maƙogwaron, tana sassauta matsewar na 'yan watanni, sannan a sake. An ce ba ta raba mutum da ciwon, amma tana dawo masa da magana, kuma ana haɗawa da koyon dabarun numfashi. An kuma ce mini yanzu likitoci sun karkata ga abin da dattijon nan ya faɗa, cewa daga ƙwaƙwalwa ne. Ni ba likita ba ne, don haka a tambayi masu abin. Iyakar abin da zan tsaya a kai shi ne: idan kun ga mutum yana dariya lafiya, yana waƙa ko karatu lafiya, amma magana na shaƙe shi, ba ƙarya yake yi ba, ba hauka ba ne, ba kuma raini ba ne. Ku kai shi wurin likitan maƙogwaro, kuma ku zauna kusa da shi a benci don ku amsa masa suna.

Akwai sauran waɗanda suka ga wannan abu a ƙasar Maƙarfi da Kudan, ko suka ji daga iyayensu. Duk inda na yi kuskure a jerin makonni, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ina roƙo a sanar da ni in gyara. Musamman ina son jin ta bakin mutanen gidan Mai gari, su gaya mini abin da ya ce da ya shiga cikin gida a safiyar farko. Mu da ke dandali amsar bafade kaɗai muka ji.